Hayaƙi a Kicin ɗin Baba Tela

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina labari, ina labari," ku sassauta min haka nan, ga shi na kawo. Masu jin haushin Auta kuma ku ɗan riƙe haushinku tukuna.

*

Baba Tela ya sake shafa gaban obin ɗin da ɗan yatsa.

Sumul.

Ya zagaya maɓallin farko a hankali, babu komai. Ya koma na biyu, nan ma fayau.



'Yan duwatsun ado yake nema, irin waɗanda ya yi shekaru yana jerawa a wuyan rigunan mata kafin ya rufe shago. Da hannunsa ya manna su da gam a jikin ɗan obin ɗin lantarkin nan da ke zaune kan kantar kicin. Ɗaya a inda wuta ke ci sama da ƙasa, fanka na kaɗa zafin ko'ina. Ɗaya a daidai zafin da kaza ke so. In ya murɗa maɓalli har tsininsa ya yi daidai da dutse, shi ke nan, girki ya hau. Da su yake ciyar da kansa tun da idanunsa suka fara yi masa gardama, kuma ko 'ya'yansa bai bari sun sani ba.

"Baba, ka ga yadda na ƙalƙale maka shi?"

Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, daga falo take magana tana kakkaɓe kujeru. Nas ce, yau ba ta da aiki, kuma ita in ta shigo gida da soso a hannu ko bango sai ya gane kurensa.

"Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne suka daskare a gabansa, maiƙo ne ko mene ne oho. Sai da na sa bakin cokali na kankare su."



"Sannu da ƙoƙari, Auta. Allah ya yi albarka."

"Amin. To a sa mana kazar nan mana, yunwa nake ji. Kullum a waya kana cika min baki, yau dai zan ci in ji."

"Za ki ci har ki suɗe yatsa."

Da dariya ya faɗa.

Abin da zai ce bai wuce "Auta, zo ki murɗa min" ba. Ina! Mutumin da ya yi wata da watanni yana cewa ya fi ta iya obin, yau ya ce a zo a murɗa masa? Ita da aikinta ke nan, kallon mutum ta gano abin da yake ɓoyewa?

Kuma ai ba Auta ce abin tsoro ba, yayanta ne. Injiniya. Tun ranar da Baba ya bar buta kan gas ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya fita har matakala, Injiniya ya zo da kansa ya kwance murhun, ya ce a haɗa kaya, Baba ya koma gidansa. Auta ce ta yi ta magiya. Ita ta sayo obin ɗin, ta ce wannan in lokacinsa ya cika da kansa yake mutuwa. Da ƙyar Injiniya ya yarda, shi ma da sharaɗi: duk ranar da aka ƙara ganin hayaƙi a gidan nan, zancen ya ƙare. Shi kuwa Injiniya magana ɗaya yake yi, tun yana yaro haka yake.

Baba Tela ya yi bisimilla ya tura tiren. Cinyoyin kaza ne da dankali, sun sha tafarnuwa da lemon tsami. Ya ji kamar ragar da ake ɗora tiren a kai ta fi kullum tudu, amma hankalinsa ba a nan yake ba. Ya rufe murfin.

Ya kama maɓallin farko ya murɗa.

Ƙas.

Shiru.

Ya ƙara.

Ƙas.

Sai fanka ta tashi da ƙuginta.

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Wannan muryar ya san ta. Ya murɗa na zafi da ƙiyasi, ya ɗan ƙara don kada ya yi kaɗan, ya saita lokaci.

Abin da bai sani ba, wuri biyu fankar nan ke tashi. Na farko wutar sama ce zalla, ta babbaka bayan nama. Nasa na kullum yana gaba, murɗawa ɗaya ce ta rage masa. Ragar kuma Auta da ta wanke, can saman ta mayar da ita, dab da ƙarfen wutar.

Da shi kaɗai ne, da ya jawo 'yar kujera ya zauna gaban obin ɗin kamar yadda ya saba. Ba don kaza na buƙatar gadi ba. Tun rasuwar Maman yara gidan ya koma shiru, maƙwabta kowa da safe yake jan ƙofarsa ya fice. Akwai ranar da zai wuni bai ji muryar kansa ba sai in ya yi tari. Ƙugin fankar yake zama saurare, sai ya ji kamar akwai mai kai-kawo a gidan. In ƙararrawar ta buga har amsawa yake, "Na'am, ga ni nan." In an faɗa kamar abin dariya, amma ni dai bai ba ni dariya ba.

Yau kuwa ga mutum ɗungurungum a falo. Wa zai zauna da fanka?

Ya fito yana bin bango da bayan hannu, a fakaice, ya zauna kujerarsa.

"Baba, ka rame."

"Ke kullum na rame. Da gaskiya ne da yanzu iska ta kwashe ni."

Ta yi dariya. Dariyar uwarta ce sak, sai da ya ji ta har ƙirjinsa.

Ta shiga ba shi labarin wani tsoho a asibitinsu da ke ɓoye magani ƙarƙashin harshe, in an juya baya ya tofar. Baba ya yi ta ƙyaƙyatawa har da buga ƙafa.

"Ku ƙyale bawan Allah mana."

"Ai ku tsofaffi bakinku ɗaya." Ta gyara zama. "Jiya Yaya ya kira ni. Wai ya sa an yi wa ɗakin nan fenti."

"Wane ɗaki?"

"Wanda ya ware maka."

"Ya yi wa kansa."

"Haka na ce masa. Na ce Baba fa lafiyarsa lau, girkinsa yake, wankinsa yake..."

Ta katse. Ya ji ta ja hanci.

"Baba, mene ne ke ƙauri?"

Kafin ya buɗe baki ta zabura.

"Innalillahi! Baba, hayaƙi!"

Ya miƙe a ruɗe, gwiwarsa ta bugi tebur, bai ma ji zafin ba. Ko da ya isa ƙofar kicin ta riga ta fizge wayar daga soket, tana tari tana kokawa da taga. Maiƙo na ta tartsatsi a ciki. Ta jawo tiren da tsumma ta dire kan kanta.

Hayaƙin ya shiga idonsa. Da ma yaya lafiyar idon, yanzu sai komai ya haɗe ya zama abu guda.

"Ba komai," ya ce da sauri. "Fatar ce kawai ta ɗan yi duhu. A kankare."

"Ta ɗan yi duhu? Baba, gawayi ce."

Ya ji ƙarar wuƙa tana shiga nama.

"Ga cikin kuma ɗanye shar, har da jini." Muryarta ta canja. "A wutar sama ka sa. Kuma ka kusa ƙure zafin."

"Mantuwa ce. Hira ta ɗauke min hankali."

"Ba ka fara hirar ba ka kunna shi."

"To tsufa ne. Ke ma yana nan tafe."

Ba ta yi dariya ba.

Ta buɗe famfo za ta wanke hannu, sai ya ji ta rufe shi da sauri.

"Baba."

"Na'am."

"Mene ne wannan a cikin sinki?"

"Me kika gani?"

"Abin da na kankare ɗazu. Ruwa ya wanke shi, ga shi yana ƙyalli." Ta matso. "Wannan ba dutsen riga ba ne? Irin na shagonka?"

"Ado na yi masa."

"Ado."

"Laifi ne tela ya yi wa kayansa ado?"

"Ado a gefen maɓalli? Ɗaya nan, ɗaya can?"

Ya juya zai fita. Ta riƙo hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta yi wayo.

"Ka yi haƙuri, Baba. Zo ka karanta min. A kan lamba nawa maɓallin nan yake?"

"Yau kuma jarrabawa za ki yi min a gidana?"

"Lamba ɗaya kawai."

"Hayaƙi ya cika min ido."

"To ga taga a buɗe. Zan jira."

Ta jira ɗin kuwa.

Ya sunkuya gaban obin ɗin. Ya ƙanƙance ido, ya ware, ya karkata kai. Fari-fari ne da baƙi-baƙi, kamar mai leƙe ta gilashin da ya yi gumi. Ya daɗe a sunkuye, har bayansa ya fara ciwo.

"Ɗari da tamanin," ya ce.



"Baba... wannan na lokaci ne kake kallo."

Shi ke nan. Ya lalubo 'yar kujerarsa da ƙafa ya zauna.

"Tun yaushe?"

Ya kawar da kai gefe.

"Baba, don girman Allah, tun yaushe?"

"Tun Mamanku na da rai ya fara. Ita ke zura min zare a allura. Da ta tafi sai ya ƙaru."

"Mama ta sani?"

"Ita ta ce in gaya muku. Na ce sai ta warke."

Auta ta durƙushe a gabansa, kuka ya ƙwace mata.

"Shi ya sa ka rufe shago. Ka ce mana bayanka ne."

"Bayan ma yana ciwo."

"Shi ya sa in na turo saƙo sai dai ka kira. Ni ina ta murna wai Baba na son jin muryata."

"Wannan kuma gaskiya ne. Ina so."

"Hoton da na nuna maka ranar nan, ka ce masha Allah, yarinya ta girma..."

"Ba ta girma ba?"

"Sabuwar motar Yaya ce, Baba!"

Dariya ta so kuɓuce masa.

"Ni nas ce," ta ce tana sheshsheƙa. "Iyayen mutane nake dubawa safe da yamma. Nawa uban yana laluben bango ban sani ba. Na zo kuma da hannuna na kankare maka..."

"Ke tsafta kika yi. Daina kukan nan."

"Ƙila ma yanar ido ce. In yana ce aiki ake yi, mutum ya tashi yana gani."

"In kuma ba ita ba ce?"

Bai jira amsarta ba.

"Ko ita ce, Auta, in na fita ƙofar nan zuwa asibiti, kina ganin yayanki zai dawo da ni nan? Daga gadon asibiti sai ɗaki mai sabon fenti."

"Gidan ɗanka ne fa. Ga jikoki, ga mutane. Nan kai kaɗai kake wuni."

"Ni kaɗai nake wuni, ban musa ba. Akwai ranar da kaɗaici ke danne ni har in rasa inda zan sa kaina." Ya goge ido da bakin riga. "Amma a nan ina gani."

"Baba..."

"Saurara. Na san inda kowane cokali yake. Na san tayil ɗin da ya fashe a bakin banɗaki. Na san inda Mamanku ke dafa bango in za ta sa takalmi, wurin har ya yi santsi, kullum sai na taɓa shi. A gidan yayanki fa? Makaho za a kai. A zaunar da ni, a kawo min abinci, a ce yara ku yi a hankali kada ku ture Kaka. In ina son ruwa sai na kira. Ni da na ɗinka wa rabin unguwa sutura."

"Ba wanda zai wulaƙanta ka."

"Na sani. Lallaɓa ni za a yi. Shi nake gudu."

Ta kifa kai a gwiwarsa. Ya lalubo kanta ya dafa.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki gaya masa."

"Baba, yau da ba na nan fa? Da maiƙon nan ya kama da wuta?"

"Da ba kya nan da duwatsuna na nan."

Ta ɗago kai daga gwiwarsa.

"Ina da sauransu a gwangwani. Ki manna min da kanki, ke da ke gani, ki sa su daidai. Zan bi ki asibitin, na yi alkawari, amma mu biyu. Shi kada ya ji."

"Ka sa ni a tsaka mai wuya."

"Ban taɓa roƙonki komai ba."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Bugu ne mai ƙarfi, na wanda bai saba jira ba. Baba Tela ya san bugun kamar yadda ya san tarin kansa.

"Auta. Wane ne?"

Ta miƙe tsaye.

"Yaya ne."

"Me ya kawo shi?"

"Ni na ce ya zo." Ta fashe da wani sabon kukan, ƙasa-ƙasa. "Na ce ya zo ya ci kazarka, ya gani da idonsa ka iya, ya ƙyale ka da zancen ɗakin nan. Wallahi Baba don kai na yi."

Aka sake bugawa.

"Auta! Baba! Lafiya? Hayaƙin me nake ji tun daga matakala?"

Baba ya kamo hannunta. Ya riƙe gam.

Ta zare hannun a hankali. Ya ji ta buɗe famfo ta watsa ruwa a fuska, ta ja hanci, ta fita. Makulli ya juya.

"Me ya faru a gidan nan?" Muryar Injiniya ta cika falon. "Ina Baba? Ke, me ya sami idonki?"

"Hayaƙi ne."

"Na ga hayaƙi ai. Wa ya yi shi?"

Baba Tela ya runtse ido a kan 'yar kujerarsa.

"Ni ce," in ji Auta.

"Ke?"

"Na wanke obin ɗin, na ce yau ni zan gasa. Baba na ta cewa in bari ya sa da kansa, na ƙi. Ashe a wutar sama na sa."



Sai Injiniya ya kwashe da dariya.

"Ai da ma! Ke da tun kina yarinya ko ruwan zafi aka ba ki sai kin ƙona. Kin zo kin ɓata wa tsoho kazarsa. Allah ya sa allura ba haka kike yi wa mutane ba."

"Kai dai Yaya ka shigo."

Wani sanyi ya ratsa Baba Tela tun daga kai har ƙafa. Allah ya yi miki albarka, Auta, ya faɗa a ransa. Ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya share fuska, ya yi ta maza. Ba zai bi bango ba yanzu. Falonsa ne, ya san shi.

Ya fito da fara'arsa, taku ɗai-ɗai, kai a sama. Ga dogon nan can tsaye bakin ƙofa, baƙi-baƙi cikin sauran hayaƙi, kafaɗu a buɗe kamar kullum.

Ya nufe shi kai tsaye ya miƙa hannu.

"Injiniya manya! Ka ga aikin ƙanwarka ko? Yaya iyali, yaya mutanena?"

Ba a karɓi hannun ba.

Ya ƙara matsawa, yatsunsa suka taɓa yadi. Tela ne, taɓawa ɗaya ta ishe shi. Kwat ce rataye a ƙusa, da sauran ɗumin jiki a cikinta, amma babu kowa.

Ya ji Auta ta toshe baki.

Daga can bayansa, ta wajen tagar falo, muryar Injiniya ta fito. Babu sauran dariya a cikinta.

"Baba... ga ni nan. Wa kake gaisarwa?"